Bindigar Iska Mai Sifirin da Asalin Al'adar Sayen Ta Biyu

A tsakanin masu harbi da bindigar iska a Ingila da Jamus da Amurka akwai tambayar da ta daɗe tana kai komo, wadda mutum yakan fara yi wa kansa bayan ya shekara biyu ko uku yana riƙe da bindiga ɗaya, wato ko ya dace ya ƙaro ta biyu wadda ba ta da wani bambanci na a-zo-a-gani da ta hannunsa. Wanda bai san harkar ba zai ɗauka almubazzaranci ne kawai, tun da bindigogin biyu ƙarfinsu ɗaya ne, nauyinsu ya yi kusa, sau da yawa ma daga masana'anta guda suka fito. Tambayar kuwa tana da asali a yadda aka ƙera irin wannan bindiga tun farko, da dokokin da suka ƙayyade ƙarfinta, da wasannin da suka taso a kanta cikin shekaru sama da ɗari, kuma wanda ya bi wannan tarihi zai fi gane lokacin da sayen ta biyu yake da hujja da lokacin da ba shi da ita.

Bindigar iska ita ce wadda ke tura harsashi da ƙarfin iskar da aka matse maimakon albarushi, saboda haka ba ta da hayaƙi irin na bindigar toka, ƙararta ma ba ta kai ko kusa ba. Manyan ire-irenta biyu ne. Akwai wadda ake tara wa iska tun kafin lokacin harbi a cikin wani ƙaramin tulu na ƙarfe, sannan kowane harbi ya saki kaɗan daga abin da aka tara. Akwai kuma mai sifirin, wadda ba ta ajiye iska ko kaɗan: a jikinta akwai silinda, wato bututu mai faɗi da ke bayan bututun harsashi, a cikin silindar akwai fistin, wanda shi ne ƙarfen da ya toshe faɗinta yake kuma zamewa gaba da baya, a bayan fistin kuma akwai sifirin, wato wayar ƙarfe mai kauri da aka nannaɗe ta yadda in an danne ta za ta nemi miƙewa. Mai harbi yakan ɗana bindigar da ƙarfin damtsensa, ya tura fistin baya har ya maƙale a jikin kunama, in ya ja kunamar sai sifirin ya miƙe ya wurga fistin gaba, iskar da ke gabansa ta matsu ta bi ta wani ɗan rami ta fitar da harsashin.

Mai tulun iska ce ta fara samun daraja a idon sarakuna da sojoji. Bindigar iska mafi tsufa da aka sani tana gidan adana makaman sarakunan Suwidin a birnin Stockholm, an kuma ƙera ta ne wajen shekarar 1580, amma wadda ta fi shahara ita ce ta Bartolomeo Girardoni, wadda rundunar Ostiriya ta karɓa a 1780 ta riƙe har wajen 1815. Tana ɗaukar ƙwallayen dalma kimanin 20 a jere, sai dai cika tulunta yana buƙatar bugun famfo kusan 1,500, gyaranta kuma sai ƙwararren maƙeri, abin da ya sa sojoji suka haƙura da ita daga baya. Irin waɗannan bindigogi kayan masu hali ne.

Ita kuwa mai sifirin daga ƙasa ta taso, daga rumfunan harbi na wuraren shaƙatawa da bukukuwa. A tsakiyar ƙarni na 19 maƙera a Amurka, da yawansu Jamusawan da suka yi ƙaura, sun riƙa ƙera bindigogi masu sifirin don waɗannan rumfuna, inda mutum zai biya 'yan kwabbai ya gwada hannunsa a cikin ɗaki ba tare da hayaƙi ya turnuƙe jama'a ba. A 1876 Henry Quackenbush na garin Herkimer a jihar New York ya fitar da doguwar bindigarsa ta farko, wadda aka riƙa yi da yawa har farashinta ya sauko. A garin Plymouth na jihar Michigan kuma wani kamfani mai ƙera injinan jawo ruwa masu aiki da iska ya soma yin wata ƙaramar bindigar ƙarfe a 1888, ta fi injinan cin kasuwa, har a 1895 kamfanin ya sauya suna ya koma Daisy. A Jamus kamfanin Mayer da Grammelspacher, wanda aka kafa a Rastatt a 1890, ya fitar da nasa a ƙarƙashin sunan Diana. Duk da haka har ƙarshen wancan ƙarni ana ɗaukar bindiga mai sifirin abin wasa, domin yawancinsu bututunsu sumul ne a ciki, ƙarfinsu kaɗan, saitinsu kuma ba abin dogaro ba ne in an wuce 'yan takuna.

Birnin Birmingham na Ingila ne ya sauya wannan kallo. Birni ne da ya daɗe yana sana'ar bindiga a cikin wata unguwa da ƙananan maƙera suka cika, kowa da sashen da ya ƙware a kai, wani bututu, wani kunama, wani sassaƙar gindi, kuma daga can ne ɗimbin bindigogin toka masu ƙanƙara da aka riƙa kaiwa gaɓar tekun Afirka ta Yamma a ƙarni na 18 da na 19 suka fito. A 1904 wani maƙerin birnin mai suna Lincoln Jeffries ya yi rajistar sabuwar ƙira wadda bututunta a kafe yake ba ya motsi, ana ɗana ta da wani mariƙi da ke kwance a ƙarƙashin bututun, ana kuma sa harsashi ta wata 'yar mabuɗa mai juyawa da ke tsakanin silinda da bututu. Kafin wannan lokaci galibin bindigogin karya su ake yi a tsakiya, wato a lanƙwasa bututun ƙasa don a ɗana sifirin, kuma da yake maƙallan wancan zamani suna saurin yin sako-sako, bututun ba ya komawa daidai mazauninsa a kowane harbi. Jeffries ba shi da ƙarfin ƙera ta da yawa, sai ya haɗa kai da kamfanin BSA, wanda aka kafa a 1861 don yin bindigogin soja, wanda kuma aikinsa ya ja baya bayan ƙarewar yaƙin Boer a 1902. A 1905 kamfanin ya fara fitar da ita da ingancin da ya saba a aikin soja, da bututu mai tsage-tsage masu murɗawa a ciki, waɗanda ke sa harsashi ya riƙa juyawa a kan hanyarsa don kada ya karkace, kuma daga nan ne leburan masana'anta ya samu bindigar iska da zai iya saye wadda in ya auna wuri za ta je wurin.

Kasuwarta tana nan tana jira a mashayun birnin. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ma'aikata suka soma wasan harbin ƙararrawa, kuma wahalar da sojojin Birtaniya suka sha a hannun manoman Boer masu iya saiti ta sa manya irin su Lord Roberts suka riƙa kiran a koya wa talakawa harbi, wasan ya bazu, ƙungiyoyinsa suka kai ɗaruruwa a Birmingham da kewayenta. Abin harin faranti ne na ƙarfe mai kauri da aka zana wa da'irori, a tsakiyarsa akwai rami wanda faɗinsa bai cika santimita ɗaya ba, a bayan ramin kuma ƙararrawa. Mai harbi yakan tsaya da ƙafafunsa a tazarar yadi shida ko bakwai ba tare da ya jingina da komai ba. Ana shafe farantin da farin fenti wanda ba ya bushewa, in harsashi ya bugi ƙarfen sai ya bar tabo, alƙalin wasa ya matso ya duba da'irar da tabon ya faɗa, ya faɗi maki, ya shafe wurin da buroshi kafin harbi na gaba, in kuwa harsashin ya ratsa ramin sai kowa a ɗakin ya ji ƙararrawar ta amsa. Ba kowane ɗan ƙungiya ne ke da tasa bindigar ba, wanda ya samu kuwa ya riƙe ta da kyau, kuma tun da aikin ɗaya ne, nisan ɗaya ne, babu abin da zai sa mutum ya nemi ta biyu.

Batun ta biyu ya fara tasowa ne daga faɗin bututu. Turawan Ingila sun san faɗi uku, waɗanda suka kira lamba ɗaya da lamba biyu da lamba uku, wato .177 da .22 da .25 na inci, a ma'aunin Jamus kuma milimita 4.5 da 5.5 da 6.35. Harsashin kansa na dalma ne, mai siririn ƙugu kamar kalangu, kansa a cike, gindinsa da rami, ta yadda iska za ta buɗa gindin ya kama bututu sosai, bayan ya fita kuma gindin ya riƙa jan iska don kan ya ci gaba da fuskantar gaba. Na .177 nauyinsa wajen rabin giram ne, na .22 kuma ya kusa giram guda. In ƙarfin bindigar ɗaya ne, ƙaramin ya fi gudu, hanyarsa ta fi miƙewa, kuskuren ƙiyasta nisa ba ya cutar da shi sosai, babban kuma ya fi jinkiri, hanyarsa ta fi lanƙwasa, amma ya fi sauke ƙarfinsa a jikin abin da ya samu. Daga nan masu farautar ƙananan dabbobi suka ɗauki ra'ayin cewa ƙaramin na tsuntsu ne, babban na zomo da ɓera, ra'ayin da har yau ake musu a kansa. Abin da ba a musu a kai shi ne bututu ɗaya ba ya harba harsashi iri biyu, don haka mai son duka biyun dole ya nemi mafita. Kamfanin Webley na Birmingham ya ba da tasa mafitar a shekarun 1930 da samfurin da ya kira Service, wanda ake zare bututunsa a sa wani cikin ɗan lokaci, ana ma iya sayensa a akwati da bututu uku. Dabara ce mai kyau wadda ta cancanci ta ɗore, sai dai tana da tsada, bayan yaƙin duniya na biyu kamfanin bai ci gaba da wannan samfuri ba, kasuwa kuma ta zauna a kan cewa mai son faɗi biyu ya sayi cikakkiyar bindiga sau biyu.

Yaƙin ya tarwatsa masana'antun Jamus, amma a cikin shekaru goma suka farfaɗo suka karɓe ragamar sana'ar. An kwashe injinan Diana a matsayin diyyar yaƙi, suka ƙare a Scotland a hannun kamfanin Milbro tare da sunan kansa, har ta kai ga bindigogin Diana na asali ana sayar da su a Birtaniya da sunan Original, sai a shekarun 1980 kamfanin Rastatt ya sayi sunansa ya maido. Iyalin Weihrauch, waɗanda suka fara ƙira a 1899 a Zella-Mehlis, sun bar garinsu da ya faɗa hannun Tarayyar Sobiyet, suka sake kafuwa a Mellrichstadt ta jihar Bavaria, kuma da yake an hana Jamusawa ƙera bindigar albarushi a lokacin, su da ƙungiyoyin harbi na ƙauyuka duk suka koma kan bindigar iska. A farkon shekarun 1950 Weihrauch ya fitar da HW35, daga baya ya sa mata kunamar da ake kira Rekord, wadda mai bindiga zai iya daidaita nauyin janta da kansa, kuma har yau ana ƙera wannan samfuri da wannan kunama.

Dokoki biyu ne suka gyara fasalin kasuwar fiye da kowace ƙirƙira. A 1969 Birtaniya ta ƙayyade cewa doguwar bindigar iska da ƙarfinta ya wuce ƙafa-laba 12 sai da lasisin bindiga. Ƙafa-laba kuwa ma'auni ne na ƙarfin da zai ɗaga nauyin laba ɗaya sama tsawon ƙafa ɗaya, 12 ɗin kuma ya yi daidai da jul 16 da ɗoriya. A 1970 Jamus ta Yamma ta sa tata iyakar a jul 7.5, tare da umarnin a buga harafin F a cikin zane mai kusurwa biyar a jikin duk bindigar da ba ta wuce haka ba, wadda baligi ke iya saye ba tare da neman izini ba. Tun daga lokacin masu sayarwa a waɗannan ƙasashe suka rasa damar yin gasa da ƙarfi, domin kowa iyakarsa ɗaya, sai gasar ta koma kan abubuwan da doka ba ta aunawa, irin su laushin kunama, da sauƙin ɗanawa, da yadda nauyi ya rabu tsakanin hannu biyu, da yadda bindigar ke motsi a kafaɗa. Haka aka kai ga kanti guda ya jera samfura da yawa masu ƙarfi ɗaya, kowanne da halinsa, kuma a irin wannan kasuwa ce mutum mai hankali zai iya sha'awar ta biyu alhali ta farkon ba ta gaza da komai ba.

Wannan hali da masu harbi ke magana a kai yana da tushe a cikin abin da ke faruwa tsakanin jan kunama da fitar harsashi, lokacin da bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba. Fistin, wanda ƙarfe ne mai nauyi, yana tashi gaba, bindigar ta zabura baya. Iskar da ke gabansa tana matsuwa har ta yi zafi ƙwarai ta tare shi ya ɗan ja baya, bindigar kuma ta zabura gaba. Galibin wannan motsi yana faruwa ne harsashin bai bar bututu ba, saɓanin bindigar albarushi wadda harsashinta ke fita kafin zaburarta ta yi nisa. G. V. Cardew da G. M. Cardew, waɗanda suka wallafa bincikensu a Ingila a 1976, sun nuna cewa wannan zafi yana ƙone ɗan man da ke cikin silinda kamar yadda injin dizal ke yi, kuma da suka harba bindiga a cikin iskar naitirojin, wadda wuta ba ta ci a cikinta, gudun harsashin ya faɗi ƙasa sosai. Ma'anar wannan ita ce yawan giris da irinsa, da yadda fatar bakin fistin ko robar da ta gaje ta ta kama silinda, da ko sifirin ya zauna daram a kan sandarsa ko yana kaɗawa, duk suna sauya yadda bindiga ke harbi, ta yadda bindigogi biyu na samfuri ɗaya ba lallai su yi motsi iri ɗaya ba, ba lallai kuma su karɓi harsashin kamfani ɗaya ba. Saboda haka ne ƙwararru ke ɗora bindigar a kan buɗaɗɗen tafin hannu, a wuri guda kullum, su bar ta ta yi motsinta, domin wanda ya damƙe ta yau ya sassauta gobe, ko ya ɗora ta a kan katako mai tauri, zai ga harsashinsa yana sauka a wurare dabam-dabam ko da idonsa bai kauce ba. Zaburar gaban nan ce kuma ke karya madubin saiti wanda ba a yi shi don bindiga mai sifirin ba.

Masu gasar harbi a mita 10 sun nemi kawar da motsin gaba ɗaya. Kamfanin Feinwerkbau na Oberndorf ya fitar da samfuri mai lamba 150 a 1963, wanda ƙarfensa ke zamewa a kan doguwar hanya a cikin katakon don kada zaburar ta isa kafaɗa, Diana kuma ya yi amfani da dabarar Kurt Giss ta fistin biyu masu tafiya a saɓanin juna. Wasan ya shiga gasar duniya a Wiesbaden a 1966, ya shiga wasannin Olamfik a Los Angeles a 1984, amma daga wannan lokaci manyan 'yan wasa suka fara barin sifirin suna komawa ga bindigogin da ke tara iska.

A daji da fili ne mai sifirin ta ci gaba da riƙe matsayinta. A 1980 aka yi gasar farko ta harbin fili a Sussex ta kudancin Ingila, wasan da a cikinsa ake kafa siffofin zomo da kurege da tsuntsu na ƙarfe a tazara dabam-dabam har zuwa yadi 55, kowanne da ɗan ramin da in harsashi ya shiga siffar za ta faɗi. Wasan ya fifita .177 saboda miƙewar hanyarsa, ya kuma fifita bindiga mai nauyi da kafaffen bututu, shi ya sa HW77 ta Weihrauch ta mamaye shi a tsakiyar shekarun 1980, kafin TX200 ta kamfanin Air Arms ta fito a farkon shekarun 1990. Waɗannan bindigogi sun kai kilo huɗu tun kafin a ɗora musu madubi, nauyin da ke kwantar da zabura a wurin gasa amma yake gajiyar da mai yawo a gona daga safe zuwa yamma, wanda ya fi son mai karyewa, mai sauƙin ɗauka da saurin lodi. Masana'antu sun lura da haka, suka riƙa fitar da 'yan uwa daga ciki ɗaya: HW97 ita ce HW77 da aka cire wa saitin ƙarfe aka gyara wa katako don madubi, Pro Sport kuma ta ɗauki tsarin TX200 ta ɓoye mariƙinta a cikin katako. A Amurka, inda babu iyakar ƙarfi irin ta Turai, gasar ta bi ta wajen gudu, daga Feinwerkbau 124 mai wajen ƙafa 800 a daƙiƙa a shekarun 1970 zuwa R1 da Robert Beeman ya tsara tare da Weihrauch a farkon shekarun 1980, wadda ta kusa ƙafa 1,000. Daga baya talla ta wuce gona da iri, domin harsashi mai ƙugu yana rasa natsuwarsa in ya kusanci gudun sauti, babban sifirin kuma yana ƙara wahalar ɗanawa da tsananin zabura.

In aka duba wannan tarihi za a ga cewa duk inda ta biyu ta samu gindin zama, aiki ne ya rabu biyu. Mai .177 da ke son .22 don kashe ɓeraye a rumbu daga kusa yana da hujja, haka mai bindigar gasa da ke buƙatar marar nauyi don yawo, haka uban da ke son ƙarama irin HW30, mai wajen kilo biyu da rabi, wadda yaro zai iya ɗanawa a gabansa. Ɗan gasa da ke tafiya nesa kuma yana iya ajiye wata don ranar da sifirin zai karye, domin sifirin yana gajiya, yana kuma karyewa ba tare da gargaɗi ba. Inda lamarin ke da rauni shi ne inda mutum ya ga yana kuskure, ya ɗora laifin a kan bindiga, ya sa rai cewa 'yar uwarta za ta gyara masa hannu. A nan kamannin da ake ɗauka fa'ida shi ne babban cikas, domin hannu yana iya rarrabe bindigogi biyu da suka yi nisa da juna, ya ba kowacce irin riƙon da take so, amma biyun da suka yi kama a ido da kafaɗa, alhali ɗaya tana son a tallafe ta a gaban kunama ɗaya kuma a can gaba, suna rikita abin da jiki ya koya, kuma lokacin atisaye da da ya tafi kan guda ɗaya sai ya rabu biyu. Ga kuma kuɗin da ba a cika lissafawa ba, na wani madubin da maƙallansa, da gwangwanayen harsashi na kamfanoni dabam-dabam da sai an gwada su kafin a gano wanda sabon bututun ya karɓa. Wanda kuwa yake son ta biyu don ƙaunar kyakkyawar ƙira kawai, kamar masu tara tsofaffin BSA da Webley, dalilinsa ingantacce ne a kan kansa, muddin ya san tarawa yake yi bai ɗauka makinsa zai ƙaru ba.

Ban da sayen ta biyu ko haƙura da ita, akwai hanya ta uku da sana'ar ta samar tun shekarun 1980, lokacin da ƙananan maƙera irin su Venom a yankin Birmingham suka yi suna wajen gyara cikin bindigogin masana'anta. A daidai wannan lokaci Theoben ya kawo silindar gas mai maye gurbin sifirin, bindigogi masu tulun iska kuma suka dawo da ƙarfinsu har suka ƙwace manyan gasanni, amma mai sifirin ba ta ɓace ba, domin ba ta buƙatar famfo ko tukunya, kayan cikinta kaɗan ne, ana kuma samun na musanya hatta ga samfuran da suka haura shekara arba'in. Gyaran bai wuce a sa sabon sifirin da sandar da ta kama shi daidai, a sauya robar fistin, a goge gefunan ƙarfe masu kaifi, a shafa giris daidai gwargwado ba, kuma sau da yawa bindigar da ke kaɗawa tana ƙara takan koma mai bugu ɗaya gajere, a kan kuɗin da bai kai na sabuwa ko kusa ba. Aikin yana buƙatar hattara, domin a yawancin samfura sifirin yana nan a danne ko da bindigar ba a ɗane take ba, yana iya fizgo murfin baya ya ji wa mai kwancewa rauni in ba a riƙe shi da matsi ba. A Birtaniya kuma ya kamata a auna gudun harsashi da na'ura bayan kowane gyara, da harsasai masu nauyi dabam-dabam, domin bindigar da ta haura ƙafa-laba 12 ta shiga sahun masu buƙatar lasisi, alhakin hakan kuwa yana wuyan mai ita ko da wani ne ya yi masa gyaran.